Ku Mayar wa Orval Teburinsa

Sun ƙwace wa Orval Tuominen teburinsa, kuma a cikinsu babu wanda ya iya dubansa ido da ido ya faɗa masa. Ya sauko ɗakin ƙasa na coci ranar Asabar kamar yadda ya saba, rungume da akwatin katunansa, sai ya tarar an jibga rigunan sanyi a kan teburin. Can kusa da ƙofar kicin an kafa wani sabo, Wendell Haugen shugaban ƙungiyar masu son alƙalamin tawada yana zaune a bayansa yana jera kwalaben tawada. Orval ya tsaya. Ya cire hula, ya mayar. Mutanen da ke ɗakin kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Ya juya ya hau matakala, kuma tun daga ranar bai sake saukowa ba.

Ni ce Loretta Maki, mai dafa wa ƙungiyar gahawa. Ba na cikin masu haukan alƙalamin tawada. Da biron da banki ke rabawa kyauta nake rubutu, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya kai ni ɗakin nan shi ne Orval mijin yayata ne, Arlene, Allah ya jiƙanta, kuma ita ce mai gahawar kafin ni. Saboda haka duk abin da zan faɗa a tsaye na gan shi, da buta a hannuna.

Tun farko in faɗa, Orval ya yi kuskure. Ba zan ɓoye ba, shi ma ba ya ɓoyewa. Damuwata ma ke nan, ba shi da wata magana yanzu sai ita. Amma kuskuren na mutane da yawa ne, shi kaɗai aka ɗora wa.

An haife shi can arewa, garin masu haƙar ƙarfe, inda ubansa ya ƙare rayuwa da tari. Uwarsa wani burodi mai zaƙi da ake kira pulla take gasawa tana sayar wa ma'aikata, kuma har yau in ya ji ƙamshinsa sai ya tuna ta. Shi ya ƙi ramin haƙa, ya gangaro birnin Duluth da ke bakin babban tafki yana saurayi, ya kama tuƙin bas ɗin gari. A kan wannan kujera ya tsufa, hawa tudu da gangara, zafi da ƙanƙara. A bas ɗin ya haɗu da Arlene, wadda kullum a makare take fitowa da gudu, shi kuma kullum sai ya ga wani abu da ke bukatar gyara a madubinsa har ta iso. Ina 'yar makaranta lokacin, kuma ni ce na fara gane cewa madubin lafiyarsa ƙalau.

Tuƙin ne ya lalata masa hannu. Yatsunsa suka riƙa ƙagewa, har rubuta rahoton tashi daga aiki ya zame masa azaba, don biro sai an danna shi. Arlene ta tsinto masa wani tsohon alƙalamin tawada a gwanjon kayan wani mamaci, ta ce ya gwada, ta ji an ce irinsa ba ya son dannawa, shafar takarda kawai yake yi. Da ta san abin da ta jawo wa kicin ɗinta da ta bar shi a can. Kafin shekara ta zagayo kwalaben tawada sun cinye rabin kantar da take jera gwangwanayen tumatir. Yatsun Orval kuwa suka rine shuɗi, ba su sake komawa yadda suke ba. Fasinjoji da su suka san shi. A jana'izar Arlene da waɗannan yatsun ya riƙe akwatin gawa, na duba na ga shuɗin har ƙarƙashin farce.

Bayan rasuwarta na zaci zai bi ta. Ya daina aske gemu, ya daina ɗaga waya, in na kai masa abinci in dawo in tarar da shi yadda na ajiye. Abin da ya tashe shi Asabar ɗin farkon wata ce, ranar taro. Ƙungiya ba ta da wani mai gwajin tawada sai shi, kuma ya ce ba zai bari su ɗura wa alƙalumansu shirme ba don kawai shi yana makoki. Ya yi aski, ya ɗauki akwati, ya sauko ya zauna a teburinsa. Teburin da nake magana a kai ke nan. Ba wani abin kirki ba ne, ƙafarsa ɗaya ma sai an tokare ta da tsohon littafin waƙoƙin coci. Amma shi ne ke ƙarƙashin taga ɗaya tilo da ɗakin yake da ita, kuma ba a yanke wa launin tawada hukunci a hasken lantarki.

Aikinsa yana da tsari, na gan shi har na haddace. In an kawo sabuwar tawada, zai tsoma auduga ya shafa a farin kati, ya ɗaga wajen taga. Zai ja layi da alƙalami mai faɗin baki, ya ja wani da mai siririn baki. Zai yi rubutu, ya ɗan jira, ya goga babban yatsa a kai don a ga saurin bushewarta. Zai ɗiga mata ruwa. Zai gwada ta a takarda mai tsada, sannan a bayan tsohon ambulan, don ya ce yawancin rubutun duniya a irinsa ake yi. Duk wannan a gaban jama'a ne. Gwaji na ƙarshe kuwa a gida yake yinsa, shi ne yake kira gwajin malalaci. Zai cika wani alƙalami mai arha, ya rufe, ya ajiye a tagar kicin, ba zai taɓa shi ba sai taro na gaba. In ya buɗe ya yi rubutu, to. In ya toshe ma, an ji.

"Me ya sa malalaci?" wani sabon shiga ya taɓa tambayarsa.

"Don haka kuke," in ji Orval. "Ku cika, ku rubuta layi biyu, ku jefa a aljihun tebur, ku manta. Ni da halinku nake gwada ta."

Hukuncinsa gajere ne, ko "A zuba," ko "A bari." Kuma al'adar ƙungiya ce, in ya ce a zuba, nan take kowa ya cika alƙalaminsa, a zagaya da babbar takarda kowa ya sa hannu da sabuwar tawadar. Manya da furfurarsu, suna murna kamar an raba alewa.

Taron Disamba shi ne na ƙarshe kafin hutun sanyi, don rabin 'yan ƙungiya Arizona suke gudu su sha rana, ba a sake haɗuwa sai Maris. A ranar wata mata mai suna Trudy, da ke haɗa tawada a garejinta can gaba a bakin tafki, ta shigo da kwali guda. Ta sa wa tawadar suna Ƙanƙarar Tafki.

Ni da ban damu da tawada ba, sai da na ajiye buta. A kwalba shuɗiya ce mai duhu, da wani farin gari kwance a gindi kamar laka. Orval ya mirgina kwalbar a tafin hannu a hankali, garin ya tashi ya gauraye, sai ka ce an kunna fitila a ciki. Ya shafa a kati. Da ɗanyenta duhu ne kawai. Tana bushewa sai tsakiyar ta buɗe ta yi shuɗin sama na safiyar sanyi, gefen ya riƙe duhunsa da ɗan ja-ja, in ka karkata katin kuma sai azurfa ta tashi a kai tana walƙiya, kamar tafkin in ya daskare rana ta faɗo masa. A faffaɗan baki ta yi kyau ƙwarai. A siririn baki ƙyallin ya ragu, ta ɗan yi gardama kafin ta fito. Ba ta da saurin bushewa, yatsansa ya ja ta. Da ya ɗiga ruwa kuma, shuɗin ya gudu ya bar azurfa tana yawo.

"Kyakkyawa ce," in ji shi. "Amma garin nan yana da nauyi. Ku dubi yadda yake komawa gindi tun ban ajiye kwalbar ba. Zan tafi da ita gida. Maris za ku ji."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni.

"Maris?" in ji Wendell. Inshora ya sayar duk rayuwarsa, kuma har yanzu bai iya jin a'a ya haƙura ba. "Haba Orv. Tawadar katin Kirsimeti ce wannan. Wa zai yi rubutu da ƙanƙara a Maris, lokacin da duk mun gaji da ganinta?"

"Ban yi mata gwajin malalaci ba."

"To bana mu ba malalata ba ne. Mun tuba. Ko ba haka ba, jama'a?"

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Direba, fasinja sun cika, ka ja mota mana." Wata ta ce baiwar Allah ta yi tuƙi a kan santsi tun daga can, ba daidai ba ne ta koma da kwalinta. Trudy kanta, in yi mata adalci, ta ce, "Ku dai riƙa girgizawa, kuma kada ku bar ta ta daɗe a ciki." Amma muryarta ƙarama ce, kuma mutane sun riga sun fara kwance murafu.

Na leƙo daga kicin na ce, "Ku bar tsohon nan ya yi aikinsa."

"Retta, gahawarki tana ƙonewa," in ji Wendell, aka sake dariya.

Orval ya dubi katin, ya dubi fuskoki. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana jiran masu makara a tasha, bai iya barin jama'a a tsaye ba. Ya ce, "A zuba."

Wannan ne kuskure na farko. Na biyu ya fi shi, kuma shi ne yake cinsa.

Berdine Solem ba 'yar ƙungiya ba ce, mijinta Gordon ne ɗan ƙungiya, kuma ba a daɗe da binne shi ba. Ta zo taron ranar ne don Wendell ya matsa mata ta fito ta ga mutane. Ta zauna a gefe da jakarta a cinya har takardar sa hannu ta fara zagayawa. Ta tashi ta je wurin Orval, ta fito da alƙalamin Gordon. Kowa ya san shi. Baƙi wuluk, ya girmi duk wanda ke ɗakin, irin na da da ake yi da roba mai tauri, da ɗan hannu a gefe da ake ɗagawa ya zuƙi tawada. Na uban Gordon ne kafin ya zama nasa, kuma Gordon bai taɓa ba shi komai ba sai baƙar tawada marar gari.

"Orval, zai sha wannan?" ta ce. "Ina so in rubuta wa jikoki kati da alƙalamin kakansu. Su ga yana ƙyalli haka."

Ko ni mai gahawa na san amsar. Ba a zuba tawada mai gari a tsohon alƙalami, don ba a iya kwance shi a wanke cikinsa yadda ake yi wa na zamani. Orval ya buɗe baki, na ga a'a ta zo har leɓensa. Sai ya dubi fuskarta. Murmushi take yi, na farko tun jana'iza, kuma shi ya san yadda irin wannan murmushin yake da wuyar samuwa. Ya karɓi alƙalamin, ya girgiza kwalba, ya cika mata da hannunsa. Ko ki wanke in kin gama bai ce ba. Ta rubuta sunanta a takarda, ta karkata, ta ga azurfa, ta ce, "Da Gordon ya gani da ya ce kwalliyar mata ce." Ta yi dariya tana share ido.

Ta rubuta katunanta. Ta rufe alƙalami, ta sa a aljihun tebur, ta tafi wurin 'yarta har sanyi ya wuce. Sauran ma haka suka yi, waɗannan da suka ce sun tuba.

Taron Maris kamar asibiti. Kowa ya shigo da majinyacinsa a hannu. Garin azurfar ya kwanta a maƙogwaron alƙaluma ya sandare, tawada ba ta fita, wasu in an girgiza su tofar da ɗigo ɗaya su sake yin shiru. Orval bai tsaya musu da kowa ba. Ya naɗe hannun riga, ya sa na kawo masa kwanon ruwan sanyi, ya fito da robar nan ta zuƙe wa jarirai majina da suke wanke alƙaluma da ita, ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Yana wankewa yana cewa ku yi haƙuri, ku yi haƙuri. Layi ya yi tsawo a gabansa, kansa a sunkuye.

Shi ya sa bai ga shigowar Berdine ba. Hannun alƙalamin Gordon ya ƙi ɗaguwa, ta nuna wa Wendell don shi ne a bakin ƙofa. Wendell ya ce abu ne mai sauƙi, kada ta tsaya layi. Ya shigo kicin, ya ɗauki kofi, ya tsiyayi ruwan da na ɗora na gahawa, ya jefa alƙalamin a ciki gaba ɗaya. Ina yanka kek ɗin lemo, kafin in juyo ya gama. Na ce, "Wendell, ruwan nan tafasasshe ne." Ya ce ai shi ne zai narkar da garin.

Abu na farko da ake koya wa sabon shiga a ƙungiyar nan shi ne ba a kai tsohuwar baƙar roba kusa da ruwan zafi. Wendell da bakinsa yake faɗa wa sababbi. Da ya tsamo alƙalamin, baƙin ya tafi. Ya koma wani launi kamar busasshen ganye, dabbare-dabbare, kuma wannan ba ya dawowa.

Ya fito da shi a tafin hannu. Berdine ta dube shi, ba ta miƙa hannu ba. Wendell ya gyara murya ya ce, "Kun ga abin da tawadar nan ta yi. Har jikin ta ci."

Kowa a ɗakin ya san ba haka ba ne. Na buɗe baki, Orval ya riga ni. Ya taso da jiƙaƙƙen hannu, ya karɓi alƙalamin kamar mai ɗaukar tsuntsun da ya daki gilashi, ya ce, "Ni na zuba mata. Da ban zuba ba da bai toshe ba, da bai toshe ba da bai shiga ruwa ba. Laifina ne, Berdine."

Na ce, "Ruwan zafi ne, kuma na ga wanda ya sa."

"Retta, bari," in ji shi. "Don Allah bari."

Abin da ya fi ba ni haushi, na ga sauƙi ya sauko a fuskokin mutane. An sami mai ɗauka.

Daga baya na ji 'yan kwamiti sun yi magana ta waya, sun ce gwajin tawada ya yi wa mutum ɗaya nauyi, shekaru sun ja, a hutar da shi. Aka ce Wendell zai gaya masa. Wendell ya ce ya zaci wani zai gaya masa. Sai rigunan sanyi ne suka gaya masa, a taron Afrilu. A taron da ya biyo baya Wendell ya yi nasa gwajin a ƙarƙashin kwan lantarki, ya ɗaga kati ya ce a zuba. Babu wanda ya kwance murfi. Aka sha gahawa aka watse da wuri. Trudy kuwa labari ya kai har can bakin tafki cewa tawadarta tana cin alƙalami, kuma ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Orval tun daga nan bin gidaje yake yi. Ya tuna duk wanda ya sa hannu a takardar nan, yana zuwa da robarsa da tsummansa, ya ƙwanƙwasa, ya tambaya ko akwai sauran wanda bai buɗe ba. Suna buɗe masa ƙofa, su ba shi kujera a kicin, su cika masa faranti da biskit, su yi ta maganar ruwan sama da ramukan titi. Babu mai maganar tebur. Wata ta gaya mini a kanti cewa in ta hango motarsa kunya ke kama ta. Na ce ai gara ta kama ta. Wani ya ajiye masa kyafaffen kifi a bakin ƙofa, ba suna. Kifi dai bai iya ba da haƙuri ba.

Ranar Lahadi da ta wuce ya zo gidana da kwalaye a bayan mota. Kwalabensa ne kaf.

"Ki ba masu koyar da yara a coci, su yi zane," ya ce.

"Ka mayar da shirginka, tsoho. Yayata ta yi fama da su, ni ba zan gaje su ba."

"Ba ni da abin yi da su."

"Kana da shi. Zauna ka ci abinci, ka rame kamar sandar tsintsiya."

Na ajiye masa miyar kifi da pulla. Ya miƙo hannu, sai na ga yatsun. Babu ɗigon shuɗi. Ya dirje su har ƙarƙashin farce, ban san da me ba, fatar ta yi ja. Shekara da shekaru rabona da ganin hannun nan haka, kamar na wani aka ɗora masa. Na koma wajen murhu na yi kamar ina neman cokali.

"Ka san ruwan zafi ne," na ce, ina ba shi baya.

"Na sani."

"To?"

"Wendell gaggawa ce ta ci shi, bai tsaya ya yi tunani ba. Ni na tsaya. Na ga garin yana kwanciya da idona, na san alƙalamin Gordon, kuma na cika."

"Don ta yi murmushi ka cika."

"Eh. Murmushin yini ɗaya, da alƙalamin mijinta." Ya gutsuri pulla. "Da Arlene na nan da ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur."

"Da Arlene na nan da ta zuba wa Wendell gahawa a cinya."

Ya yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Sai ya gaya mini ashe ya yi gwajin malalacin. Yana komawa gida daga taron Disamba ya cika alƙalami biyu, mai faɗin baki da mai siriri, ya ajiye a taga. Kafin sabuwar shekara ya kasa haƙuri ya buɗe, ya tarar siririn ya toshe. Ya kama waya yana kiran mutane. Na Arizona suka ce ai alƙaluman suna Duluth a gidaje kulle. Na cikin gari suka ce sun ji, za su wanke. Ni kuwa a Maris na gan su a layi da idona. Wayar Berdine ta yi ta ƙara a gidan da ba kowa. Ya ce duk sanyin nan in ya fita sayen madara sai ya bi ta layinta, ya rage gudu, ya dubi tagar ɗakin, ya san alƙalamin yana ciki yana bushewa.

"To mene ne hukuncin?" na ce. "Tun da babu mai tambaya, ni na tambaya."

Ya gyara zama bai ma sani ba, ya koma Orval na tebur. "Tawada ce mai kyau. Shuɗinta yana cikin mafi kyau da na taɓa gani. A zuba, amma a alƙalamin zamani mai faɗin baki, wanda ake iya kwancewa. A girgiza kwalba kafin a cika, a mirgina alƙalami kafin rubutu. Kada ta daɗe a ciki, in an gama a wanke. Kada a rubuta adireshi da ita, ruwan sama zai tafi da shi. Tsohon alƙalami kuwa, a bari." Ya dubi hannunsa. "Abin da ya kamata in faɗa ke nan. Dubi gajartarsa."

Washegari na raka shi wurin Berdine, don ya gama gyaran alƙalamin kuma ya ce ba zai iya zuwa shi kaɗai ba. Ya canza masa jakar robar ciki mai riƙe tawada, ya fitar da garin da haƙuri, yana rubutu sumul. Launin ne dai. Ta karɓa, ta gwada a bayan ambulan, ta daɗe tana kallo.

"Orval, ni na tambaye ka," ta ce. "Da ka ce a'a da na sayi kwalba na zuba da kaina a gida, ka san halina. Jikokina sun liƙa katunan a jikin firij, suna haska su da tocila. Kuma ni ba makauniya ba ce, na ga wanda ya shiga kicin da shi."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa a taro?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce Wendell ne ya yi mata ɗawainiyar takardun Gordon bayan rasuwa, shi ke zuwa ya share mata ƙanƙara a ƙofa, ta ji nauyinsa. Ta ce tun da ta ji labarin tebur abinci ba ya mata daɗi. Orval ya ce kada ta damu, ba komai, shi ne dai. Muka fito muka shiga mota. Sai da na tayar da injin ya ce, "Alƙalamin nan baƙi ne da."

Kwalayen suna nan a falona, ina tuntuɓe da su. Mutumin da teburin nan ya tasa daga kan gado bayan mutuwar matarsa ya fara barin gemu, kuma na san inda wannan hanyar take zuwa, na taɓa ganinta. Asabar ɗin farkon wata tana tafe, don haka ku saurara.

Wendell, ka je gidansa da ƙafarka, ba waya ba, ba saƙo ba. Ka ƙwanƙwasa, ka gaya masa abin da ruwan zafi ya yi, sannan ka maimaita a gaban ƙungiya, kuma ka kira Trudy ta ji. Berdine, abin da kika faɗa a kicin ɗinki ki faɗe shi a ɗakin ƙasa, da ƙarfi. Kai mai cewa direba ya ja mota, da ku da ya kira ta waya kuka ce za ku wanke, kun san kanku, ku miƙe ku ce mu ma da namu. Shi ya riga ya ɗauki nasa, har ya haɗa da naku. Ku kwashe kayanku daga ƙarƙashin taga, akwai ƙugiya a bango. Ku tokare ƙafar da littafin nan, ku aika a ɗauko shi, ku mayar masa da teburinsa.